“Ai Na Iya!”: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Yara da Iyaye Ke Kimanta Iya Sarrafa Jikin Yaro

Tambayi ɗan shekara biyar ko ya iya cafe ƙwallo, kafin ka rufe baki ya ce ya iya. Jefa masa ita a hankali. Zai miƙe hannuwa biyu kamar mai karɓar jariri, ya runtse ido, ta daki ƙirjinsa ta gangara ƙasa. Sake tambayarsa, amsar tana nan: ya iya, kai ne ba ka jefa daidai ba. Uwarsa na gefe da nata hukuncin, ubansa da nasa, kuma ba lalle ko ɗaya cikin ukun ya dace da abin da idonka ya gani ba. Ga tambayoyin da iyaye da malamai suka fi maimaitawa a kan wannan al'amari.

Me ake nufi da iya sarrafa jiki?

Kashi-kashi ne. Akwai kai jiki daga nan zuwa can: gudu, tsalle, tsallen ƙafa ɗaya, tsallake abu. Akwai sarrafa wani abu: jifa, cafewa, buga ƙwallo da ƙafa ko da sanda. Akwai riƙe jiki kada ya karkace, kamar tsayuwa da ƙafa ɗaya ko bin siririn layi. Sai aikin yatsu: riƙon fensir, yanka da almakashi, ɓalla maɓalli, ɗaure igiyar takalmi. Yaro kan gwanance a wani ya yi baya a wani, don haka “ya iya ko bai iya ba” ba ta da amsa sai an faɗi a wanne.

In na tambayi yarona, zai faɗa mini gaskiyar iyawarsa?

Zai faɗa miki abin da ya yarda da shi, amma tsakanin wannan da abin da jikinsa ke yi akwai rata. Masu bincike sun daɗe suna auna ratar nan. Tun da ƙaramin yaro ba zai cika takardar tambayoyi ba, sai suka koma ga zane. Susan Harter da Robin Pike a Amurka suka fitar da dabarar a 1984, sannan a 2015 Lisa Barnett ta Jami'ar Deakin da ke Ostareliya, ita da abokan aikinta, suka tsara irinta musamman don motsin jiki. A nuna wa yaro zanen yara biyu, ɗaya ya cafe ƙwallo, ɗayan ta suɓuce masa, a ce, “Wanne ne kamar kai?” In ya nuna gwanin, a ƙara: “Ka iya sosai ne, ko dai daidai gwargwado?” Daga nan a fita fili a gwada shi kan abin da ya faɗa.

Abin da ake ta gani shi ne ƙananan yara, musamman 'yan ƙasa da shekara 7 ko 8, can saman ma'auni suke taruwa. Da gwanin da wanda ko kusa bai iya ba, akasari zanen gwanin suke nunawa.

Ƙarya yake yi ke nan?

Sam. Kada ma a kira shi maƙaryaci a kan wannan. Ma'auninsa ne daban da na manya.

A wurin ƙaramin yaro, ƙoƙari da iyawa abu ɗaya ne. Wanda ya yi gudu har ya yi gumi, to gwanin gudu ne, ko da shi ya zo ƙarshe. John Nicholls ya nuna haka tun 1978: sai wajen shekara 11 zuwa 12 yara ke raba abubuwan biyu sosai, su gane cewa mutum na iya dagewa matuƙa amma wani ya fi shi. Ban da haka, ɗan shekara huɗu ba da tsaransa yake gwada kansa ba, da kansa na watan jiya yake gwadawa, kuma a nan yana da gaskiya, don kullum gaba yake yi. Ga tafin manya: ya wurga ƙwallo ta faɗi a gabansa, a ce sannu gwani. Me zai hana shi yarda? Kuma ba ya ganin kansa. A ransa yana yin tsallen da ya ga babban yaro ya yi, alhali ƙafafunsa da ƙyar suka bar ƙasa.

To in ya girma kimantawarsa za ta daidaita?

Haka aka zata. A 2008 David Stodden da abokan aikinsa suka gabatar da wani bayani da ya karɓu ƙwarai: a ƙuruciya yaro na kai kansa inda bai kai ba, amma da ya shiga tsakiyar firamare ya fara kwatanta kansa da tsaransa, sai tunaninsa ya matso kusa da gaskiya. Rabin maganar ya tabbata, domin yawan cika bakin yana raguwa da shekaru. Sai dai raguwar ɗoki daban, daidaituwar hukunci daban. A 2020 An De Meester da abokan aikinta suka tattara gomman bincike kan yara da matasa, suka sami alaƙar da ke tsakanin iyawa ta zahiri da wadda mutum ke zato wajen 0.25, a ma'aunin da 0 ke nufin babu alaƙa, 1 kuma ke nufin sun dace cif. Wato akwai alaƙa, amma mai rauni. Abin da ya fi ba da mamaki, ba su ga ta ƙara ƙarfi da shekaru ba. Ashe ɗan shekara 13 ma ba shaida ne abin dogaro a kan kansa ba. Bambancinsa da ƙaninsa shi ne kuskurensa na iya zuwa ta kowane gefe: ko ya ɗaga kansa, ko ya rena.

In rage masa wannan ɗokin ne don ya san matsayinsa?

Ni dai ba zan yi ba. Wannan zaton na “na iya” shi ne ke sa shi sake gwadawa. Karen Adolph ta Jami'ar New York da abokan aikinta sun ƙirga takun yara 'yan wata 12 zuwa 19 suna wasa, suka wallafa a 2012: a tsakaice taku 2,368 da faɗuwa 17 a sa'a ɗaya. A ce yaron nan na lissafi irin na manya, da tun faɗuwa ta biyar ya koma rarrafe ya huta. Haka abin yake a jifa da tsalle. Wanda yake ganin ya iya shi ke shiga wasa, shiga wasan ke ba shi maimaici, maimaicin kuma shi ke mai da zaton gaskiya.

Abin yi shi ne a sauya irin yabon. “Kai gwani ne” ba ta koya masa komai. “Ka ga wannan karon da ka sa ƙafar hagu gaba ta yi nisa?” ta ba shi abin riƙewa, kuma ba ta karya masa gwiwa ba.

Ba haɗari a ciki?

Akwai, kuma a nan ya kamata a tsaya sosai. Inda kuɗin kuskure bai wuce ƙujewar gwiwa ba, a bar shi ya gwada. Inda kuskure ɗaya ya isa, maganarsa ba hujja ba ce.

A 1995 Jodie Plumert ta Jami'ar Iowa ta gwada 'yan shekara 6 da 8 da kuma manya. Ta ɗora abin wasa a saman kantar ajiye kaya, ta ajiye sanduna biyu a ƙasa da rata a tsakani, tana tambayar kowa kafin ya gwada: za ka kai? Za ka tsallake? Wani lokaci abin na cikin ikon mutum, wani lokaci ya ɗan fi ƙarfinsa, wani lokaci ya fi shi nesa ba kusa ba. Manya ma sun ruɗu a inda abin ya ɗan wuce su kaɗan. Yara kuwa har a inda ya yi musu nisa sosai suna cewa za su iya. Kuma a cikin 'yan shekara 6, waɗanda suka fi yawan wannan kuskure su ne masu tarihin raunuka mafi muni.

Titi ya fi wannan sarƙaƙiya. A wani gwaji na jami'ar da aka wallafa a 2018, an sa yara tsallake titin kwaikwayo da kwamfuta ke haskawa, motoci na wucewa. Matsalar ba zaɓen rata tsakanin motoci kaɗai ba ce. Yaro ya zaɓi ratar, amma sai ya yi jinkirin ɗaga ƙafa, lokacin da yake da shi ya ragu. Sai a shekara 14 aka ga suna yi kamar manya. Ɗan shekara 9 da ke cewa ya iya tsallake titi ba ƙarya ya yi ba, ya san a duba dama da hagu. Haɗa ido da ƙafa a daƙiƙar da ta dace ne bai gama nuna ba.

Ko jarirai haka suke. Adolph ta nuna cewa jaririn da ya ƙware a rarrafe ya san gangarar da zai iya da wadda zai ja baya. Da ya fara tafiya, sai ya tunkari gangarar nan gaba-gaɗi kamar bai taɓa ganin irinta ba. Abin da ya koya da gwiwa bai bi shi zuwa ƙafa ba. Duk sabuwar iyawa, keke ne ko hawa ko iyo, sabon koyon iyaka ce.

Na kai 'yata koyon iyo kuma ta iya. Ba sai in ɗan saki jiki ba?

A'a. A nan kuskuren iyaye ya fi na yaro tsada. Barbara Morrongiello ta Jami'ar Guelph a Kanada ta bi iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 5 masu koyon iyo, ta ga cewa yadda darasi ke gaba, haka iyayen ke ƙara yarda cewa yaron zai iya ceton kansa, suna kuma ganin ba ya buƙatar sa ido kamar da. Iyo a ruwa mai natsuwa, malami na kusa, yarinya ta shirya, ba ɗaya ba ne da faɗawa ruwa ba zato da tufafi a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ƙaramin yaro a bakin ruwa, ya zama hannunki na iya kai masa.

Ni na haife shi, kullum ina tare da shi. Wa zai fi ni sanin abin da ya iya?

A wani fannin, babu. Iyaye sun ƙware wajen gane cewa wani abu ba daidai yake ba. Uwar da ke cewa “yaron nan yana yawan faɗuwa” ko “har yanzu maɓalli na gagararsa” ta ga abin da likita ba zai gani cikin minti goma ba. Shi ya sa ma aka gina wasu kayan tantancewa a kan bakin iyaye, kamar takardar DCDQ da Brenda Wilson da abokan aikinta suka tsara a Kanada: tambayoyi 15 kan yara 'yan shekara 5 zuwa 15, ana neman uwa ko uba su kwatanta ɗansu da tsaransa. Amma ko ita ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda ya kamata a gwada ne kawai.

Inda iyaye ke tuntuɓe shi ne ajiye yaro a matsayinsa cikin tsara. Ido ba mudu ba, ya san kima, gaskiya ne, amma idon da ya ga yara uku kacal kimar yara uku ya sani. Ga so, mai hana ganin laifi. Sannan iyaye kan ɗauki kuzari a matsayin iyawa. Wata uwa ta taɓa ce mini, “Malam, wannan ai ba ya zama, duk gidan ba mai gudunsa.” Da gaske ba ya zama. Amma da na sa shi ya yi tsalle da ƙafa biyu, sai ƙafa ɗaya ta riga ɗaya tashi, hannuwan na reto a gefe ba su taimaka da komai ba. Na ce, “Hajiya, ki duba hannuwansa.” Ta yi shiru tana kallo, ta ce ita ba ta taɓa sanin hannu na da aiki a tsalle ba. Ba sakaci ta yi ba, ba a taɓa nuna mata inda ake kallo ba ne.

Wani abu kuma: abin da iyaye suka gani yau ya fi abin da suka tuna inganci. Tambayi uwar ɗan shekara shida watan da ya fara zama, za ta ba da amsa, amma lissafi ne rabi, tunawa rabi.

Gaskiya ne iyaye na fifita maza a wannan kimantawa?

Akwai gwajin da ya nuna haka ƙarara. A 2000, Emily Mondschein da Karen Adolph da Catherine Tamis-LeMonda suka kawo jarirai 'yan wata 11 da iyayensu mata. Aka ba kowace uwa wata gangara da ake iya ɗagawa ko saukewa, aka ce ta saita ta daidai inda take ganin ɗanta zai iya rarrafowa. Iyayen jarirai maza suka saita ta fiye da ƙarfin 'ya'yansu, iyayen jarirai mata suka saita ƙasa da abin da 'ya'yansu ke iyawa. Da aka saki jariran, babu wani bambanci tsakanin maza da mata. Bambancin a kan iyayen yake, tun yaran ba su yi magana ba.

Kafin balaga, ratar maza da mata a yawancin motsi ƙarama ce. Jifa ne ya fita daban, nan maza kan yi gaba tun da wuri. Amma a tambayi kai: wa aka fi jefa wa ƙwallo tun yana ƙarami? Yarinyar da aka yanke cewa ba ta iya ba, ba a ba ta ta gwada, sai rashin gwadawar ya tabbatar da hukuncin.

Ɗan maƙwabciyata ya yi tafiya a wata 10, nawa yana wata 14 bai yi ba. Ya makara?

Da wannan kaɗai, a'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi lafiyayyun yara 816 a Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Zama ba jingina: daga wata 3.8 zuwa 9.2. Tafiya ba riƙo: daga wata 8.2 zuwa 17.6. Kusan 4 cikin 100 ba su ma yi rarrafe da hannu da gwiwa ba. Dubi faɗin tagar tafiya, wata tara da ɗoriya, kuma duk lafiya ce. In bakwaini ne, a cire makonnin da ya riga lokacinsa kafin a ƙirga, har ya kai shekara 2.

Malamin makaranta ya fi iyaye gani?

Ya fi su abin kwatance, tun da yara da yawa masu shekaru ɗaya na gabansa. Amma shi ma yana da tarko: a aji guda akwai wanda ya girmi wani da kusan shekara, kuma a wannan matakin wata 11 ba wasa ba ne. Tun 1985 Roger Barnsley ya lura a Kanada cewa 'yan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara da aka haifa a farkon shekara sun fi yawa a manyan ƙungiyoyi, saboda tun suna yara ana ɗaukar girman jikinsu a matsayin baiwa. In malami ya ce ɗanka na baya, tambaye shi: bayan su wa, kuma watanni nawa suka ba shi?

Su masana yaya suke aunawa?

Hanya biyu. Wasu gwaje-gwajen sakamako suke ƙirgawa: daƙiƙa nawa ya tsaya da ƙafa ɗaya, sau nawa ya cafe cikin goma. Irin su ne KTK na Jamus, na 1974, da MABC na Birtaniya, wanda ke duba aikin yatsu, saiti da cafewa, da riƙe jiki. Wasu kuma yadda aka yi motsin suke kallo, kamar TGMD na Dale Ulrich da ya fara fitowa a 1985. A nan ba ruwan mai gwaji da nisan jifa, tsarin jikin yake bi da ido. Yaro mai ƙarfi kan yi nisa da jifa marar tsari, ƙarami mai kyakkyawan tsari ya kasa kai shi. Iyaye sakamako suke gani, shi ya sa hukuncinsu da na mai gwaji kan saɓa.

Me zan iya dubawa da kaina?

Abu uku sun isa farawa, ga yaron da ya kai shekarun firamare. A jifa: yana juya gefensa ga inda zai jefa, yana taka ƙafar da ke kishiyar hannun jifa, ko tsaye yake ƙyam hannu kaɗai ke aiki? A cafewa: da tafin hannu yake kamawa, ko rungumar ƙwallon yake a ƙirji yana kau da kai? A tsalle: yana lanƙwasa gwiwa ya kai hannuwa baya sannan ya wurga su gaba, ya tashi da ƙafa biyu ya sauka da biyu? Kafin kowane gwaji, a tambaye shi me yake ganin zai iya. Ratar da ke tsakanin amsarsa da aikinsa ita ma labari ce.

'Yata akasin haka ce. Ta iya, amma kullum cewa take ba ta iya ba.

Wannan ta fi damuna a kan mai cika baki, don ita ba ta da hayaniya, ba a lura da ita. Irin yaran nan su ne ke janyewa daga wasa a hankali: yau ciwon ƙafa, gobe an manta takalmi. In ta daina shiga, tsaranta za su wuce ta, abin da ta zata ya zama gaskiya. “Kin iya mana” ba ya aiki, don ta san uwa ce ke magana. Shaidar da za ta ƙirga da kanta ke aiki: makon jiya ta cafe 4 cikin 10, yau 7. A kuma bincika da wa take gwada kanta. Sau da yawa yayanta ne da ya ba ta shekara uku.

Yaushe ya kamata in kai shi a duba?

In ya kai wata 18 bai yi tafiya ba. In ya daina yin abin da ya saba yi, a kowace shekara yake. In tun kafin ya cika shekara hannu ɗaya kawai yake amfani da shi, ko jikinsa ya cika sanƙarewa ko laushi. In sai ya dafa cinyoyinsa da hannu kafin ya miƙe daga ƙasa. Waɗannan na likitan yara ne, ba na jira ba.

Ga ɗan makaranta kuma akwai larurar rashin daidaituwar motsi, wadda likitoci ke kira DCD a taƙaice. Tana shafar kimanin yara 5 zuwa 6 cikin 100, ba a cika tabbatar da ita kafin shekara 5 ba, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. Yaro ne mai kai, amma rubutu na gajiyar da shi, abu na faɗuwa daga hannunsa, keke ya ƙi koyuwa. Galibi ba ta tafiya don kanta, amma horo kan takamaiman ayyukan da ke gagararsa, a hannun likitan fisiyo, wato mai gashi da motsa gaɓoɓi, ko mai koyar da ayyukan yau da kullum, yana taimakawa. Yaran nan da yawa sun sha sunan malalaci ko sakarai shekaru kafin wani ya gane.

Ni da mahaifinsa mun saɓa. Shi yana cewa gwani ne, ni ina ganin akwai matsala. Wa za a bi?

Da farko ku tabbata abu ɗaya kuke magana a kai. Mai yiwuwa shi a fili yake ganinsa yana buga ƙwallo, ke kuma ke ce ke tsaye da safe yana fama da igiyar takalmi, kuma duk kun faɗi gaskiya. Ku zaɓi aiki guda, ku ɗauke shi bidiyo da waya daga gefe, ku kalla tare a hankali ba a gabansa ba. Bayan wata uku ku sake, wuri ɗaya, nisa ɗaya, ƙwallo ɗaya. In babu ci gaba, ko hankalinki bai kwanta ba, kada ku jira sai kun daidaita baki. Ku tafi wurin likita da bidiyon biyu a waya.